Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Inna

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki, na Garwa da na nesa. Jiya da asuba na tsaya a ƙofar ɗakin Inna ina kallonta tana alwala. Ta ɗebi ruwa ta wanke fuska sau uku, ta sa aswaki, ba ta ɗaure fuska ba, ba ta yi ƙara ba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Alhamdulillahi. Shi ya sa na ce yau sai na fito na yi godiya a bainar jama'a.

Waɗanda suka zo dubiya gidanmu a Yelwa sun ga yadda abin yake. Tun hunturun bara ciwon ya kama ta a kumatun dama, kamar an jona mata wutar lantarki. Daƙiƙu kaɗan yake yi ya sake ta, amma ya kan dawo sau da yawa a wuni. Iskar safe ta taɓa ta, ya tashi. Ta tauna tuwo, ya tashi. Har gefen mayafinta ta riƙa tsoro. Ta koma shan kunu da cokali ta gefen hagu, ta rame, ta daina magana. Mun ɗauka haƙori ne, aka cire mata biyu a wani wuri, ciwon yana nan daram. Farasitamol bai taɓa shi ba. Wani ya kawo tiramol na bakin kasuwa, ya bugar da ita kawai. Wannan kam har yau yana ci mini rai.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga likitan da ya zauna ya saurare ta. Da ya ji yadda ciwon ke zuwa, sai ya ce haƙoranta ba su da laifi. Jijiya ce ta biyar cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, mai rassa uku: goshi, kumatu da muƙamuƙi. Ya rubuta karbamazefin, wanda a farmasi aka fi sani da Tegretol, miligiram 100 safe da dare, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Da Gwaggo ta ji maganin farfaɗiya ne sai ta ce, "Yaya, kada ki sha, ke ba farfaɗiya gare ki ba." Likita ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa maganin yana kwantar da jijiyar da ke harbawa ne, kuma shi ake fara bayarwa a wannan ciwo. Cikin kwana uku Inna ta ci ɗanwake.

Da aka ƙara yawan maganin sai jiri da barci suka dame ta, har ta kusa faɗuwa a banɗaki. Aka rage, aka haɗa mata da baklofen, a nan aka samu daidaito. Likita ya ce akwai okskarbazefin, ɗan'uwan na farkon, akwai gabafentin da lamotirijin in buƙata ta taso. An auna jininta kafin a fara, ana kuma maimaitawa, don karbamazefin yana iya rage gishirin jini ko ya taɓa hanta. Gargaɗinsa ina so kowa ya ji: in ƙuraje suka feso a jiki, musamman da zazzaɓi ko gyambon baki, a garzaya asibiti a ranar. Kada a yanke maganin rana ɗaya don an ji sauƙi. Kuma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa, mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita tun farko. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya je ya saya da kansa.

Kawu na Marwa, kai ka biya mota zuwa Gaundare da jirgin ƙasa zuwa Yawunde, inda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ce ke danne waccan jijiyar. An ce akwai aikin tiyata in magani ya gaza, amma yanzu ba mu kai can ba. Allah ya ƙara buɗi, Kawu. Yaya da ke Kusiri, ba wata da ya wuce saƙonka bai shigo ta Orange Money ba. Maƙwabciyarmu da ke dama kunun gyaɗa kullum da safe ta aiko, matan Islamiyya da suka yi ta addu'a, mai farmasin da ya ba mu bashi lokacin da aljihu ya bushe, da yaron mashin da ya ƙi karɓar ko dala ranar da muka fita tsakar dare, Allah ya saka muku da Aljanna, ya jiƙan magabatanku.

Inna na gaishe ku. Ta ce in gaya muku ranar Juma'a bayan la'asar za a yi sauka da sadaka a gida, kuma ita da kanta za ta soya ƙosan.