Kwana huɗu ina zargin sabon kati, ashe ramin da na sa shi ne

'Yan'uwa masu harhaɗa kwamfuta da hannunku, yau dai na samu kan abin da ya hana ni barci tun farkon mako. Bari in ba ku labarin tun da zafinsa, kafin kunya ta sa in rage wani abu.

Tsohon katina na hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoton da ke fitowa a allo, GTX 1060 ne mai ma'ajiyar 6GB, wanda ya fito a 2016. Ya yi mini bauta iya bauta, har fankarsa ɗaya ta fara ƙara kamar injin niƙa. Na daɗe ina tara kuɗi, a ƙarshe na ɗauko RTX 4060, na 2023, mai 8GB. A takarda babu abin gardama: ƙwayoyin CUDA, wato ƙananan injinan lissafin da ke cikin katin, 3072 a kan 1280 na tsohon, kuma duk da haka wat 115 yake ci, tsohon kuwa 120. Niyyata ita ce in gwada su kafaɗa da kafaɗa a wasanni biyu da kuma aikin Blender, manhajar haɗa hotunan 3D, in rubuta muku sakamako.

To, a nan wayo ya yi mini yawa. Na ce me zai sa in riƙa cire wannan ina sa wancan? Madabod ɗina, wato babban allon da ake jona kowane ɓangare a kansa, yana da dogon ramin sa kati guda biyu. Sai na bar tsohon a ramin sama inda yake, na cusa sabon a na ƙasa, in na so canji sai kawai in zare wayar HDMI daga wannan in soka a wancan. Direba ɗaya, wato manhajar da ke tafiyar da kati, ya gane su duka biyun, ni kuwa sai murna nake yi.

Da na kunna wasan farko sai gwiwata ta yi sanyi. Adadin firam, wato hotunan da ake nunawa a daƙiƙa, ya ɗan ɗaga, amma hoton cijewa yake yi. In ina tsaye wuri ɗaya lafiya ƙalau, da zarar na juya kamara ko na shiga sabon wuri sai ya ƙame na ɗan lokaci, sannan ya zabura. Na mayar da waya kan tsohon, sai ga shi yana tafiya sumul, ko da yake a hankali. Wallahi raina ya ɓaci. Katin da ke tsakaninsa da wannan shekara bakwai, a ce ya fi shi daɗin wasa?

Na fara da abin da kowa zai fara. Na share direba da manhajar DDU, na sa sabo. Babu canji. Na rage saitin hoto, cijewar ta ragu kaɗan amma ba ta tafi ba. Na duba zafin katin a manhajar MSI Afterburner, bai kai inda za a damu ba. Daga nan zargina ya koma kan akwatin wuta, mai rarraba lantarki a cikin kwamfutar, domin tsohon kati fulogi mai fin 6 yake amfani da shi, sabon kuma mai 8, kuma akwatin nawa ya kwana biyu. Na rufe ido na sayi sabo. Kuɗin nan har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin bayan na ɓata yini guda ina sake jan wayoyi, ko ƙwayar zarra abin bai sauya ba. Da na tsaya na yi tunani ma, katin da bai kai tsohon cin wuta ba, ta yaya wuta za ta gaza masa?

Daren jiya ne na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ba don komai ba sai in tabbatar ba jabun kati aka ba ni ba. Idona ya faɗa kan wurin da ke nuna yadda katin ke magana da madabod. Da farko ya nuna 1.1, wato mataki mafi ƙanƙantar gudu na PCIe, hanyar da ke haɗa su, amma kada wannan ya tsorata ku, in kati ba ya aiki yakan sauko da gudun don ya rage cin wuta. Ku danna 'yar alamar tambayar da ke gefe ku kunna gwajin, sannan ku karanta. Da na yi haka sai na ga x4 2.0.

Ashe ramin ƙasan nan tsawonsa kawai ya yi kama da na sama. A ciki layi huɗu ne kacal aka haɗa, na PCIe 2.0, kuma ba kai tsaye yake zuwa furosesa ba, sai ya bi ta cifset, wata ƙwaya a madabod, hanyar da faifan ajiya da su USB ke bi. Wato abin da ke wucewa bai fi kusan 2GB a daƙiƙa ba, alhali tsohon kati na zaune a sama kan layi 16 na 3.0, yana samun kusan 16GB. Duk lokacin da wasa ya nemi a loda sabbin hotuna cikin ma'ajiyar katin, sai a yi cunkoso a wannan 'yar siririyar hanya. Cijewar ke nan. Kuma duk wannan yana rubuce a littafin madabod, wanda ban taɓa buɗewa ba tun ranar da na saye shi.

Na cire tsohon, na hau da sabon sama. Jama'a, kamar an canja kwamfutar. Wasan da ke wahalar da 1060 yanzu ya haura ninki biyu a saiti iri ɗaya, kuma ban ma kunna DLSS ba, fasahar ƙara yawan firam da tsohon ba shi da ita sam. A Blender kuwa na sauya Cycles, injin da ke fitar da hoto, daga tsarin CUDA zuwa na OptiX, hoton da nake barin kwamfuta da shi in je in dawo, yanzu ina zaune yake gamawa. Na yi ta maimaita shi kamar yaro da sabon abin wasa.

Abu ɗaya dai ya rage da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shi 4060 layi takwas kawai aka yi masa, na 4.0. A madabod irin nawa mai 3.0, ko a ramin sama kusan 8GB a daƙiƙa yake samu, rabin abin da tsohon ke samu a wuri ɗaya. Muddin wasa bai cika 8GB ɗin katin ba, ban ga wata illa ba. Amma da na ƙure saitin hoto a wasa na biyu har ma'ajiyar ta cika ta fara malala zuwa RAM, ma'ajiyar ita kanta kwamfutar, sai na sake jin ɗan cijewar nan. Na sauko da mataki ɗaya, ta ɓace. Mai irin madabod ɗina ya san da wannan kafin ya saya.

Teburin kwatancen da na yi muku alkawari sai na sake shi daga farko, kati ɗaya bayan ɗaya a ramin sama, domin duk lambobin da na tara a kwana huɗun nan shara ne. Kafin nan zan leƙa BIOS, wato saitin madabod, in ga ko akwai Resizable BAR, saitin da ke ba furosesa damar kaiwa ga dukkan ma'ajiyar kati kai tsaye. Wanda ya taɓa kunna shi a tsohon madabod, don Allah ya faɗa mini ko ya ga bambanci.