Gashin da ake cirewa kafin a kwanta

Kitso na gada, ba gashin kanti ba. Mahaifiyata makitsiya ce a cikin gari, tun ina 'yar firamare nake riƙe mata kibiya da kwalbar man kaɗanya, ina kallon yadda take tsaga shuku da kalaba a kan matan unguwa. Da na buɗe nawa shagon a Tarauni a 2016, kujera biyu ce da madubi ɗaya da daraya ta hannu. Wankin kai, kitso, lalle, shi ke nan. Gashin kilif kuwa wata amarya ce ta fara shigo mini da shi a leda, yayarta ta aiko mata daga Dubai. Ta ajiye a gabana ta ce, "Anti, wannan za ki sa mini ranar dina." Na juya shi, na sake juyawa, ban gane gabansa da bayansa ba. Na ce ta bar shi ya kwana a wurina. A daren nan kan ƙanwata ya sha wahala.

Ga wadda ba ta taɓa ganinsa ba, gashi ne da aka ɗinke a jikin siririn ƙyalle, a bayan ƙyallen aka kafa ƙananan kilif masu haƙora irin na mataji. Ki danna ya buɗe, ki soka haƙoran a gindin gashinki, ki sake dannawa ya rufe, ƙas. Saiti ɗaya yawanci guda bakwai ne: babba mai kilif huɗu na tsakiyar ƙeya, masu uku guda biyu, masu biyu guda biyu, sai ƙanana biyu na saman kunne. Nauyinsu duka yawanci wajen giram 120 ne, tsawo kuma galibi daga inci 14 har 24. Babu gam, babu allura da zare kamar wanda ake ɗinkawa a kan kitso ya yi wata guda yana ƙaiƙayi.

A waya za ki ga mace ta maƙala shi cikin minti biyar ta girgiza kai. Namu gashin ba ya yarda da wannan gaggawar. Abin da na gano a kan ƙanwata shi ne duk aikin yana ƙarƙashi, inda ba mai gani. Sai na wanke kan da karkashi ya yi laushi, na busar, sannan na ja siraran layukan kitso a kwance daga kunne zuwa kunne, daidai inda kowane kilif zai zauna. A jikin kitson nan haƙoran suke kamawa, nauyin ya rarrabu. In kika soka su a sakakken gashi, to silin gashi kaɗan ne ke ɗauke da kayan, kuma kafin a gama hotuna ɗaya ya fara zamewa. Na sama kuma, wanda zai rufe sirrin, sai a bar shi da yawa a taje shi ya kwanta. Ashe hannun mahaifiyata ne zai ci da ni ko a nan.

Rigimata ta kullum da kwastomomi a kan zaɓi take. Yarinya za ta zo da hoto tana son mai santsi, mai sheƙi har gadon baya, alhali nata gashin mai kauri ne bai taɓa ganin rilaksa ba. In aka haɗa su, kamar an zuba mai a ruwa ne, daga ƙofar zauren biki za a hango inda nata ya tsaya na aro ya ɗauka. Nakan ce, "Ƙanwata, ki ɗauki mai ɗan kaushi, wanda ya yi kama da naki in an busar da shi." Launi ma haka. A lambobin da ake ba launin gashin, lamba 1 baƙi ne wuluk kamar an rina, yawancinmu 1B ne ya fi shiga da namu. Wasu su ji, wasu su ce kuɗinsu ne. Ranar da hoton ya fito mu duka mukan san wanda ya yi gaskiya.

Shekarun farko gashin mutum nake sarowa. Nakan bi motar dare zuwa Legas, in shiga Balogun, wani lokacin in wuce Trade Fair da ke hanyar Badagry. A can na koyi cewa sunayen da ake liƙa wa gashi, wai na Brazil, wai na Peru, galibi sunan talla ne kawai. Gashi mai yawa daga Indiya yake fitowa, a kai shi Sin a gyara, musamman birnin Xuchang na lardin Henan da ya yi suna a wannan harka, sannan ya zo mana a kwali mai ƙyalli. Na biya kuɗin makaranta kuwa. Wani dillali ya taɓa haɗa mini saiti goma, a hannu laushi kamar alharini. Wanki biyu aka yi musu suka dunƙule kamar soson wanka. Ashe gashin da aka tsinto ne daga mataji, kai da gindi a cakuɗe, aka gauraya da na roba, aka lulluɓe da man silikon don ya yaudari hannu. Silikon na fita, asiri ya tonu. Kuɗin mata huɗu na mayar daga aljihuna, dillalin kuma ya daina ɗaga waya. Tun daga ranar ba na rabuwa da ashana a jaka. Ki tsinko sili biyu ki kunna: na mutum yana ƙauri irin na babbakar kan rago ya zama toka, na roba yana narkewa ya dunƙule yana warin leda.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, don na san tana bakin mai karatu. Hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa ƙarin yana cikin Bukhari da Muslim. Na daɗe ina jin sa ina kawar da kai, ina ce wa raina ai wannan maƙalawa ake yi, ba haɗawa ba. Ni ba malama ba ce, amma na yi tambaya, kuma a kan gashin ɗan Adam ban samu wanda ya sassauta mini ba. A kan zare da ulu da abin da ba gashin mutum ba ne na tarar malamai sun saɓa, wasu sun hana duka, wasu sun yi rangwame, musamman ga matar da ke yi wa mijinta ado ba don ta yaudari kowa ba. Abin da ya ƙara tsaya mini a rai shi ne jin cewa a Tirupati, a kudancin Indiya, masu ziyarar wurin bauta ne suke aske kansu don cika alkawari ga abin bautarsu, hukumar wurin ta tara gashin ta yi gwanjonsa. Na dubi durowata na ce, to, wa ya san tarihin wannan?

Ba zan yi ƙaryar tsoron Allah zalla ba, dala ma ta taya ni tuba. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 700, farkon 2024 kuma ta wuce 1,500. Saitin da ma'aikaciya take iya saya da ragowar albashi ya koma sai matar mai hali. Na sayar da ragowar kayan ga wata mai shago a Sabon Gari, na koma na zaren roba kaɗai, irin su Kanekalon da kamfanin Kaneka na Japan yake yi. Ba ya son ƙarfe mai zafi, amma in kika naɗe shi kika tsoma a ruwan zafi yana lanƙwasa ya riƙe. Ba ya daɗewa kamar na mutum, hunturu kuma yana sa shi tashi yana manne wa mayafi, sai an ɗan fesa masa ruwa da ɗigon mai. Ribar ta ragu, barcina ya ƙaru. Duk wadda ta zauna a kujerata nakan gaya mata akwai saɓani ko a wannan ɗin, ta je ta tambayi malamin da ta yarda da shi. Wasu sun tashi sun ce a yi musu kitso kawai, na yi musu da farin ciki.

Abin da ya sa masu zama suke zama shi ne alwala. A mazhabarmu ta Malikiyya dukkan kai ake shafa, kuma wannan gashin cikin minti biyu an ɓalle shi an ajiye, ruwa ya taɓa inda ya kamata. Wanda aka ɗinka ko aka manna da gam ba ya ba ki wannan damar.

Dokokin shagona biyu ne, kuma yarana uku sun haddace su: ba a kwana da shi, ba a sa kilif a gashin goshi. Na ga abin da taurin kai yake jawowa. Wata ƙawar amarya ta sa nata tun ranar kamu, ta ƙi cirewa har buɗar kai, tana ɗaura gwaggwaro a kai tana tamkewa. Da ta dawo, gefen kunnenta ya yi fili kamar an sa reza. Wata uku muna fama da man kaɗanya da chebe na mutanen Chadi, muna kalaba sakwa-sakwa, kafin ƙananan gashi su fara leƙowa. Wadda ta maimaita hakan shekara da shekaru, wurin ba ya sake tsirowa.

Kakata tana raye, ta haura tamanin. Ran nan aka kawo ta shago a wanke mata kai, ta ɗauki saiti ɗaya tana danna kilif ɗin, ƙas, ƙas, tana dariya. Ta ce su a zamaninsu tsumma suke cusawa a cikin doka don ta tashi, kuma kakanmu har ya koma ga Allah bai taɓa tambaya ba. Na ce, "Hajiya, in maƙala miki ɗaya?" Ta ce in bari sai ranar bikin autata, amma in nemo mata mai furfura.