Zuciyar ɗan tayin ɓera

Yau a ɗakin gwaji malaminmu ya ɗora zuciyar ɗan tayin ɓera ƙarƙashin madubin likita, ya ce in leƙa. Ba ta kai ƙwayar gero ba, amma rinin da aka sa ya fito da sinadarin ANP ɓaro-ɓaro, a ɗakunanta na sama da na ƙasa duka. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wannan ANP ɗin shi ne fa saƙon da zuciya ke aika wa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, wanda masanin kimiyya Adolfo de Bold ya gano a 1981.

Bayan haihuwa ɗakunan ƙasa kusan daina sarrafa ANP suke yi, sai zuciya ta galabaita su koma sarrafa shi. Ashe zuciyar mai ciwo komawa take ga abin da ta saba tun tana ciki.