Batirin litiyom a babur: mita kan nuna 12.7 alhali caji ya kusa ƙarewa

Wanda ya saba da batirin ruwa, da ya ɗora mita ya ga bolt 12.6 ko 12.7 sai hankalinsa ya kwanta, ya san batiri a cike yake. Wannan lissafin ba ya aiki a kan litiyom. Irin wanda ake sa wa babur don tayar da inji, wato LiFePO4, ƙwayoyi huɗu ne a jere, kowace tana ba da bolt 3.2. Lafiyayyensa idan ya huta yana nuna 13.2 zuwa 13.4, in kuwa ya sauko ƙasa da 12.8 to abin da ya rage a cikinsa kaɗan ne. Kuma ba ya gargaɗi: yau sitata na juyawa da ƙarfi, gobe tsit.

Caja ita ce babbar magana. Iyakar kowace ƙwaya bolt 3.65 ne, saboda haka cajar da ta dace tana tsayawa a 14.4, kada ta haura 14.6, kuma tana yanke wuta da kanta idan ya cika. Yawancin cajojin batirin ruwa na zamani suna da wani mataki na farfaɗo da batirin da ya kwanta, galibi an rubuta masa Repair ko Recondition, inda suke harba wutar da ta haura bolt 15 don narkar da gishirin da ya daskare a jikin faranti. Litiyom ba shi da wannan gishirin, abin da wutar za ta yi masa kawai shi ne ta dafa ƙwayoyin. Wasu cajojin ma da kansu suke shiga matakin in sun ji batiri ya yi ƙasa. Ƙarfin caji kuwa, a bi abin da ke rubuce a jikin batirin. In babu rubutu, rabin girmansa ya isa: mai 4Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa) a ba shi amfiya 2.

Babur ɗin ma caja ne, kuma shi aka fi mantawa da shi. Kafin a ɗaura sabon batiri, a tayar da inji, a ɗora mita a kawunan batiri, a murɗa totur zuwa kamar juyi 4,000 ko 5,000 a minti. Ana son a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da 13.5 batirin ba zai taɓa cika ba. Idan ya kai 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar da inji ke ba batiri, ta lalace, a sauya ta tukuna. Batirin ruwa kan jure irin wannan na wani lokaci ta hanyar ƙone ruwansa, litiyom kuwa kumbura yake yi.

Sai ɓarawon wuta. Litiyom yana da ƙarfin bugun sitata, amma rumbunsa ƙarami ne. Na'urar bin sawu ko ƙararrawar ɓarayi da ke jan miliamfiya 5 kacal za ta tatse mai 4Ah tas cikin awa 800, wata guda da 'yan kwanaki ke nan. Idan za a ajiye babur, a cire baƙar waya. Wajen cirewa ita ce ta farko, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe.

Batiri mai kyau yana da allon tsaro a ciki da ake kira BMS, wanda ke katse wuta kafin ƙwayoyi su yi ƙasa da yawa. Sai mita ta nuna kusan sifili, a ɗauka ya mutu, alhali cajar litiyom mai maɓallin tayarwa za ta buɗe shi. Amma ba kowane ke da wannan kariyar ba, musamman masu araha. Idan ƙwayoyin da gaske sun faɗi ƙasa da bolt 2 kowace, tagullar ciki na fara narkewa, in an sake caji ta taru ta haɗe ƙwayar daga ciki. Irin wannan a haƙura da shi.

Kada a yi caji a sanyin da ya kai digiri 0, kada kuma a yi idan batirin ya wuce digiri 45. A wuri mai tsananin sanyi, kunna fitila na minti ɗaya ko biyu kafin a danna sitata yana ɗumama shi. Wanda ya kumbura, ko yake zafi ba a aiki da shi, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, a fitar da shi waje a ɗora kan siminti nesa da fetur. In ya kama wuta, ruwa mai yawa ne ke sanyaya shi, a kauce wa hayaƙin, kuma yana iya sake tashi bayan an kashe.

Ga masu babur mai lantarki, tarkon ya fi muni. Batirai biyu duk an rubuta 72V: mai ƙwaya 20 na NMC, wani nau'in litiyom, yana cika a bolt 84, mai LiFePO4 24 yana cika a 87.6, kuma sau da yawa bakin cajarsu ɗaya ne. Sa cajar na biyu a na farko yana kai kowace ƙwaya 4.38 maimakon 4.2, sai dai in BMS ta katse. Kafin aron caja, a karanta lambar da take fitarwa a bayanta.