Ranar da Muka Yashe Rijiyar Gidanmu

Asabar, Argungu.

Tun da bazara ta kankama ruwan rijiyar gidanmu ya ja baya, har guga yana dawowa rabinsa laka, saboda haka yau da hantsi dattijon da ya saba yashe mana ita ya zo da yaronsa, wanda bai wuce shekara 18 ba. A asibiti na kwana ina aikin dare, niyyata kuwa in kwanta, amma Inna ta ce in tsaya a kansu. Dattijon ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura ta a igiya, ya zura a hankali har kusa da ruwa. Na leƙa tare da shi, na ga harshen wutar ya ƙanƙance ya yi ja, amma bai mutu ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, inda wuta ta rayu, mutum ma zai rayu." Yaron ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka.

Guga uku ya ciko da laka, a na huɗu sai muka ji shiru. Da muka kira shi ya amsa da wata murya mai nauyi, kamar wanda aka tasa daga barci, muna kuma jiyo hakinsa daga sama. Nan take muka jawo shi. Idanunsa sun yi jawur, gumi ya jiƙa shi sharkaf, jijiyar gefen goshinsa tana harbawa har ana gani, ya dafe kai da hannu biyu yana cewa, "Baba, kaina zai tsage." Na kwantar da shi a inuwar dogon yaro, na kama tsintsiyar hannunsa na ji bugun yana sauri da ƙarfi. Da na tambaye shi wace rana ce yau, sai da ya daɗe kafin ya ce Asabar.

Wata maƙwabciyarmu ta ce iskar rijiya ce ta taɓa shi. Daga kalmar tata na fara yi musu bayani, domin abin da ya taɓa shi iska ce da gaske, wadda ake kira kabon dayoksaid. Ita ce muke fitarwa duk sa'ad da muka saki numfashi, ita ce kuma ganye da laka suke saki idan suna ruɓewa. A sarari ba ta wuce kimanin kashi 4 cikin 10,000 na iskar da muke shaƙa ba, amma ta fi sauran iska nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, don haka a rami mai zurfi takan kwanta a ƙasa kamar ruwa a kwari, ba launi, ba warin da zai faɗakar da mutum. Wanda ke aiki a ƙasan ma ƙara ta yake yi, tunda numfashin da yake fitarwa yana ɗauke da kusan kashi 4 cikin 100 nata.

Ciwon kan nan shi ya fi tsaya mini a rai, domin na san abin da ke gudana a ciki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke harbawa, kuma babu abin da jijiyoyinta suka fi saurin amsa wa kamar wannan iska. Idan ta taru a jini sai ta narke ta sa shi tsami, tsamin nan kuwa yana sassauta ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su buɗe, jini ya kwararo fiye da kima. Tun a 1948 wasu masu bincike biyu a Amurka, Seymour Kety da Carl Schmidt, suka auna cewa shaƙar iskar da ke da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na kabon dayoksaid tana ƙara jinin da ke bi ta ƙwaƙwalwa da kusan kashi 75. Wani zai ɗauka ƙarin jini alheri ne, sai dai ƙoƙon kai ƙashi ne da ba ya miƙewa, duk abin da ya ƙaru a ciki matsi yake zama. Shi ya sa likitoci suke sa ido ƙwarai a kan wannan iska a jinin wanda ya bugu a ka. Hakin da muka jiyo kuma umarni ne daga tushen ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, inda ake jin tsamin jini a hanzarta numfashi don a fitar da iskar. A ƙasan rijiya wannan dabara ba ta da amfani, domin abin da ya fitar shi yake sake shaƙa. Idan abin ya ci gaba sai tunani ya rikice, barci mai nauyi ya sauko, mutum ya sume ba tare da ya ja igiya ba. Irin wannan iska ce ta taso daga tafkin Niyos na Kamaru a watan Agusta na 1986, ta gangara kwaruruka ta hallaka mutum fiye da 1,700.

Abin da ke damuna shi ne na san fitila ba cikakkiyar shaida ba ce. Wuta ƙarancin oksijin, wato iskar da ke raya jiki da wuta, take nunawa, kuma kabon dayoksaid na iya kai matakin da zai jirkita ƙwaƙwalwa alhali oksijin bai ragu har wuta ta mutu ba. Na ga harshen ya ƙanƙance, na yi shiru saboda nauyin dattijon da ya fara shiga rijiya tun ba a haife ni ba, kuma da yaron nan ya sume a ƙasa, da shirun nan nawa yana cikin sanadi.

Bayan la'asar, da yaron ya warware ya sha fura, na zauna da dattijon a zaure na ce, "Baba, gwajinka na gaskiya ne, amma ka riƙa ɗaukar ƙanƙancewar wuta kamar mutuwarta." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a zamanin mahaifinsa sukan ɗaure reshe mai ganye su yi ta zurawa suna jawowa kafin kowa ya sauka, gaggawa ce ta sa aka rage yi. Na roƙe shi kuma kada ya yarda a saukar da injin ban-ruwa mai fetur cikin rijiya, domin hayaƙinsa yana da wata guba daban, kabon monoksaid, wadda ke hana jini ɗaukar oksijin.

Mun tsayar da cewa gobe za a buɗe bakin rijiyar tun asuba, a kaɗa iskar da rassan dogon yaro, in kuma aro fanka mai caji a zura. Yaron ba zai sauka ba sai ya huta, wanda zai sauka kuwa ni zan riƙe agogo, duk minti 5 ya fito ya sha iska.