Na tsaya gaban Colossus

Jiya na je Bletchley Park a Ingila, inda aka riƙa warware saƙonnin sirrin sojojin Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wallahi har yanzu abin bai bar zuciyata ba.

Kowa ya san sunan Alan Turing, masanin lissafi, da Enigma, na'urar da Jamusawa ke ɓoye saƙonninsu da ita. Ni kuwa wanda ya tsaya mini a rai shi ne Tommy Flowers, injiniyan gidan waya, ɗan magini. Shi ya ƙera Colossus, wata katafariyar kwamfutar lantarki, wadda ta fara aiki a 1944 kan saƙonnin manyan hafsoshin Hitler da ake ɓoyewa da wata na'ura mai suna Lorenz. Samfurin Colossus na biyu yana da kwalaben lantarki 2,400, yana karanta haruffa 5,000 a daƙiƙa ɗaya daga zaren takarda mai huji-huji. Na tsaya gaban wadda aka sake ginawa, ɗumin kwalaben yana dukan fuskata.

Da yaƙi ya ƙare, aka umarci Flowers ya ƙone zanen aikinsa, ya kame bakinsa. Shekaru kusan 30 ba wanda ya san abin da ya yi. Matan da suka riƙa sarrafa na'urar dare da rana ma haka, ko iyayensu ba su gaya wa ba. Nan ne ƙwalla ta cika mini ido.