Aikinmu na mayar da adireshi zuwa suna da layi

Idan manhaja ta faɗi a hannun mai amfani da ita, abin da take bari yawanci jerin lambobi ne irin 0x7f3a1c2045b7, waɗanda ke nuna wuraren da take a ma'adanar kwamfuta a lokacin da ta tsaya. Sana'ar ƙaramin kamfaninmu ita ce mu karɓi waɗannan adireshi mu gaya wa masu manhajar sunan aikin da ke kowane wuri (wato ɓangaren rubutun manhaja mai yin wani abu guda), da fayil ɗin da aka rubuta shi a ciki, da lambar layin, domin injiniyansu ya nufi wurin matsalar kai tsaye.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa addr2line, ƙaramar manhajar mayar da adireshi zuwa layi da ke cikin kayan GNU binutils, ya gama wannan aiki, mu kuwa danna maɓalli kawai muke yi. Amma adireshin da ke cikin rahoto ba shi ne wanda ke cikin fayil ba, saboda tsarin tsaro na ASLR yana sauya wurin da ake ɗora manhaja duk lokacin da aka kunna ta. Dole sai an san inda aka ɗora ta a wannan karon, a cire shi. Idan an ɗora ta a 0x7f3a1c200000, to 0x45b7 ne za a nema. Bayan haka, adireshin da aka ajiye a jerin kiraye-kiraye, jerin da ke nuna wane aiki ya kira wane, na wurin komowa ne, wato umarnin da ke bayan kiran, shi ya sa muke rage ɗaya kafin mu bincika, in ba haka ba sai a dora laifi kan layin da bai yi komai ba.

Maigidan da ya koya mini aikin nan bai yarda in rubuta abin da zai yi mini lissafin ba sai da na iya shi da hannu. Yakan buɗe abin da objdump, mai nuna umarnin da ke cikin fayil, ya fitar a gefe ɗaya, jadawalin layuka na DWARF, tsarin ajiye bayanan da ke haɗa adireshi da layi, a ɗaya gefen, ya sa yatsa a kan umarni ya ce, "Faɗa mini daga wane layi wannan ya fito." A wurinsa na fahimci cewa kwamfaila, manhajar da ke mayar da rubutun injiniya zuwa umarnin kwamfuta, takan cusa ƙananan ayyuka cikin babba don sauri, har adireshi guda ya zama yana da suna uku a jere, kuma wanda bai fito da su duka ba ya ɓoye rabin labarin. Shi ne kuma ya nuna mini yadda harshen C++ ke murɗa sunaye, inda aiki mai suna karba da ke karɓar lamba yake komawa _Z5karbai, sai manhajar c++filt ta warware shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayon aikin da arha. Idan an cire bayanan gyara, wato masu nuna sunaye da layuka, daga fayil, sunayen da suka rage 'yan kaɗan ne, na ayyukan da aka buɗe wa waje. Sai su ɗauki sunan da ya fi kusa da adireshin su rubuta a rahoto, ko da tazarar ta kai dubban bayit, injiniya ya ɓata kwanaki yana tonon aikin da lafiyarsa ƙalau. Mu ba ma rubuta suna sai mun tabbatar lambar shaidar ginin, wato lambar da ke bambanta kowane haɗi na manhaja, ta yi daidai da ta fayil ɗin alamomi mai ɗauke da sunaye da layuka, ko ta ELF ce a Linux, ko ta dSYM a na'urorin Apple, ko ta PDB a Windows. Idan ba su dace ba, mukan rubuta cewa ba a gano ba, mu faɗi dalili.

Wasu abokan cinikin ma sukan zo bayan sun goge fayilolin alamominsu, su ce ai rubutun bai canza ba, za su sake ginawa. Sau da yawa sabon ginin ba ya daidai da tsohon, domin sauya sigar kwamfaila ko wani zaɓi guda yana iya matsar da komai. Haka masu sayar da shiryayyun ɓangarorin manhaja da wasu ke sa wa cikin tasu, waɗanda ke aiko da kaya tsirara babu alamomi, ka roƙa su yi shiru, sai tsakiyar rahoton ya zama duhu.

Shi ya sa abin da muke fara yi wa sabon abokin ciniki shi ne mu kafa masa rumbun alamomi, ta yadda duk sigar da ya saki za a ajiye bayananta a ƙarƙashin lambar shaidarta, har da DWARF 5 da ya fito a 2017 wanda sababbin kwamfaila ke samarwa. Rahoton da ya zo bayan shekara biyu daga tsohuwar siga muna iya karanta shi layi-layi.